Ziyarar Hubbaren Shehu a Lokacin Hunturu: Abin da Kaburbura Ke Koyarwa

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Na daɗe ina koyar da tarihin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, amma ban gane gurguwar koyarwar da nake yi ba sai ranar da muka taka da ƙafa zuwa Hubbare, mu malaman makaranta da wasu dattawa, a wata safiya ta watan Janairu. Manufar wannan maƙala ita ce in bayyana yadda irin wannan ziyara ke zama darasi, domin malamai su jarraba da ɗalibansu.

Dalilin Zaɓen Hunturu

Wanda ya san Sakkwato ya san zafinta na bazara. Ba a shiga wurin kabarin Shehu da takalmi, kuma ƙasar da rana ta gasa ba ta barin mutum ya tsaya ya saurari bayani. A hunturu kuwa ƙasa na da sanyi, dattijo na iya doguwar tsayuwa. Mun taru a Masallacin Shehu bayan hantsi ya ɗaga, hazo ya rufe gari, kowa ya naɗe wuya da mayafi, daga nan muka taka a hankali.

Asalin Hubbare

Hubbare gidan Shehu ne kafin ya zama makabarta. An haifi Shehu a Maratta a shekarar 1754, ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Bayan cin Alƙalawa a 1808, ɗansa Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809. Shehu ya zauna a Sifawa yana karantarwa, sai a 1815 ya dawo Sakkwato, inda Allah ya yi masa rasuwa a 1817, aka rufe shi a cikin gidansa. Ke nan zamansa a birnin bai wuce shekara 2 ba, abin da ya ba wasu daga cikinmu mamaki.

Waɗanda Ke Kwance a Ciki

Bayan mun yi sallama da addu'a a kabarin Shehu, an nuna mana na 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864. Ita ce ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa jajoji suna kai karatu ga matan ƙauyuka. Wata malama da ke cikinmu ta daɗe a tsaye a nan, daga baya ta ce da ma ɗalibanta mata sun ga wurin. Haka kuma akwai Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, da ɗansa Muhammadu Macciɗo da ya rasu a haɗarin jirgin sama a 2006, da Ibrahim Dasuƙi wanda aka sauke daga sarauta a 1996, amma da ya rasu a 2016 nan aka kawo shi. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Waɗanda Ba Sa Ciki

Babban darasin ya zo ne daga tambayar wani matashin malami. Ya dubi wani dattijo a cikinmu ya ce, "Baba, ina kabarin Muhammadu Bello?" Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Malam, sai ka je Wurno. Inda aiki ya tsayar da mutum, nan ake rufe shi."

Gaskiya ya faɗa. Bello ya rasu a 1837 a Wurno, ribaɗin da ya kafa domin tsaron iyaka. Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, yana Gwandu, inda ya riƙe yammacin daula. Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ya rasu a Katuru a 1842, bayan yaƙi da Gobirawa. Attahiru na Ɗaya kuwa ya yi shahada a Burmi a 1903 a hannun sojojin Turawa, can cikin jihar Gombe ta yau. Idan malami ya zana waɗannan wurare a allo, to ya zana wa yaro taswirar daular da irin matsalolin da ta fuskanta a kowane zamani.

Ladubban Ziyara

Wajibi ne malami ya shirya ɗalibai tun daga makaranta. A nemi izinin masu kula da wurin, a shiga da natsuwa, kada a taka kabari ko a zauna a kansa, kada a ɗaga murya. A tuna musu cewa ziyarar kabari domin wa'aztuwa ce da yi wa mamaci addu'a. Shehu da kansa ya yi bayanin sunna da bidi'a a sha'anin jana'iza da makabarta a littafinsa Ihya'us Sunna.

Kammalawa

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, yawancin bayanin da muka samu daga bakin tsofaffi ya fito. Su ne suka san wane ne kwance a ina, kuma kullum raguwa suke yi. Saboda haka ina kira ga malamai da su riƙa tafiya da littafi da alƙalami, su rubuta abin da aka faɗa musu da sunan wanda ya faɗa. Wanda Sakkwato ta yi wa nisa, ya fara da tsohuwar makabartar garinsu, ya nemi dattijo ya yi masa jagora tun hunturun bana. Allah ya sa mu dace, amin.