Babur ɗin Dusar Ƙanƙara: Ciwon Gaba, Magani a Baya

Tun da Joseph-Armand Bombardier ya fitar da Ski-Doo a garin Valcourt na lardin Kwibek a Kanada a 1959, babur ɗin dusar ƙanƙara ya zama abin hawan mafarautan Inuwit da makiyayan Sami na arewacin Turai. Ba shi da taya. A gaba yana da ƙafafu biyu masu silalewa, a baya kuma faffaɗan bel na roba mai haƙora ne ke tura shi. Idan kan babur ya yi nauyi, ko ya ƙi shan kwana, mahayi kan ɗora laifin a kan sitiyari. Sau da yawa kuwa ba nan take ba, an danne bodari ta ka, domin sifirin da shokoban da ke cikin bel ne ke raba nauyi tsakanin gaba da baya.

Akwai wani madauri a gaban bel ɗin. In aka rage tsawonsa, nauyi ya koma kan ƙafafun gaba, sai su kama ƙanƙara sosai amma juya kai ya yi wuya. In aka sassauta shi, kan ya yi sauƙi, sai dai babur ya riƙa zarcewa a kwana. Haka kuma in sifirin na baya ya yi laushi, mahayi na zama baya ya nutse, gaba ya ɗaga.

Wani zai ce ai gaban ma yana lalacewa. Gaskiya ne. Ƙarfen kabaid da ke ƙarƙashin ƙafafun kan cinye, kuma in bakinsu ya karkato ciki, babur ya dinga fizga yana bin sawun wasu; shi ya sa kanikawa kan buɗe bakin waje da kamar milimita 3. Amma wannan dubawar minti kaɗan ce, kuma sabon ƙarfe ba ya kama ƙanƙara in babu nauyi a kansa. Masu cewa saitin kamfani ya wadatar su ma sun manta cewa don matsakaicin mahayi aka yi shi, ba don mafarauci mai jan kaya ba. Saboda haka a fara daidaita sifirin na baya da nauyin da za a ɗauka, a sauya abu ɗaya, a gwada, kafin a taɓa na biyu.