Horo da Tallafi ga Uwar Saurayi Mai Galahanga

Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa, kuma tana tare da mutum tun yarinta har ƙarshen rayuwa. Mai ita yakan sha wahalar cuɗanya da jama'a da gane abin da suke nufi, yakan riƙe al'ada ɗaya ya yi ta maimaitawa, sannan ƙara ko haske ko taɓi kan dame shi fiye da kima. Wani ba ya magana sam, wani kuwa yana karatu har jami'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita, kuma ana gano ta ga maza ninki uku zuwa huɗu fiye da mata. Shi ya sa yawancin iyayen da ke wannan raino ɗa namiji suke kula da shi, kuma a mafi yawan gidaje uwa ce ke ɗauke da nauyin.

Kafin a fara tunanin tallafa wa uwa, an daɗe ana ɗora mata laifi. Likita Leo Kanner ne ya fara bayyana lalurar a Amurka a 1943, bayan ya duba yara 11. Daga baya Bruno Bettelheim ya yaɗa ra'ayin cewa rashin nuna ƙauna daga uwa ne ke jawo ta. Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam wanda shi ma yake da ɗa mai galahanga, ya rusa wannan zargi a 1964, binciken tagwaye da aka yi a Ingila a 1977 kuma ya nuna cewa gado na da babban kaso a ciki. A ƙasar Hausa zargin ya ɗauki wata kama: a ce aljanu ne, ko sammu, ko uwar ce ta shagwaɓa yaro, ko kuma dangin miji su ce daga wajenta abin ya fito. Matakin farko na kowane tallafi shi ne a sauke mata wannan laifi, domin gado daga ɓangarorin biyu yake zuwa, tarbiyya kuma ba ta haddasa galahanga.

Balaga ce ke sauya lissafi. Yaron da a da ake saɓa shi a kafaɗa idan ya birkice, yanzu ya fi mahaifiyarsa tsawo da ƙarfi. Barci kan gagara, fargaba da ƙuncin rai kan ƙaru, kuma shekarun samartaka na cikin lokutan da farfaɗiya ta fi bayyana ga masu wannan lalura. Sha'awa tana zuwa masa kamar kowane saurayi, alhali bai gane dokokin kunya da sa'o'insa ke tsinta ba tare da an faɗa musu ba. A gidan Bahaushe kuwa, balaga ce ke fitar da yaro daga cikin gida zuwa shago da masallaci da majalisar samari. Mai galahanga sau da yawa ba ya samun wannan fita, sai ya rage tsakanin mata, a hannun uwar da al'ada ta hana ta yi masa zancen mafarki ko wankan janaba.

Binciken da Marsha Seltzer da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Wisconsin, wanda aka buga a 2010, ya auna sinadarin gajiya da damuwa a jikin iyaye mata masu rainon samari da manya masu galahanga. An ga tsarinsa ya yi kama da na mutanen da suka daɗe cikin matsi, har da sojojin da suka je fagen daga. Gajiyar uwar ke nan da jiki kansa ya shaida.

Horon iyaye na nufin wani ƙwararre ya zauna da uwa, su ɗauki matsalolin gidanta ɗaya bayan ɗaya, ta gwada dabara a cikin mako, ta dawo su duba abin da ya yi aiki. Ƙungiyar masu galahanga ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1962, tana da shiri mai zama shida don iyayen yara masu shekara 10 zuwa 16. Shirin PEERS na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles yana koya wa samari yin abota, yayin da iyaye ke nasu zaman suna koyon yadda za su taya su gwaji a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin horar da masu raino, mai zaman rukuni 9 da ziyarar gida 3, wanda aka gwada a ƙasashe irin su Habasha da Kenya. An tsara shi ne don yara masu shekara 2 zuwa 9, amma ya nuna cewa ko wanda ba likita ba zai iya ba da irin wannan horo idan aka koya masa.

Dabarun ba su bukatar kuɗi mai yawa. Ana farawa da littafin rubutu: abin da ya faru kafin yaro ya birkice, abin da ya yi, da abin da ya biyo baya. Cikin makonni kaɗan uwa kan gano cewa fushin na tashi ne duk lokacin da aka kunna janareta, ko aka cika gida da baƙi ranar suna, ko aka sauya masa wurin zama. Idan an san dalili, sai a yi masa tanadi: a sanar da shi tun jajibiri, a ware masa ɗaki mai shiru. Tsafta ana rarraba ta mataki-mataki, a manna hotuna a ƙofar banɗaki, daga cire riga har shafa mai. Aski ana kai shi wajen mai aski ɗaya, a lokacin da shago babu kowa. Dokokin jiki kuma ana faɗar su ƙarara, ba da habaici ko karin magana ba, domin yakan ɗauki zance yadda aka furta shi: inda ake tuɓe kaya, wanda aka yarda ya taɓa, da wanda zai gaya wa idan wani ya taɓa shi. Idan ya birkice, a rage magana, a kawar da abin da zai ji wa wani ciwo, a ba shi fili. Duka da ɗauri ƙara tsananta lamarin suke yi. Saurayin da ke fita ba a sani ba yana bukatar kati a aljihu mai lambar wayar gida, kuma ya kamata mai unguwa da maƙwabta da 'yan sintiri su san shi, don kada rashin amsa tambaya ya sa a ɗauke shi ɓarawo.

Tallafin zuciya yana tafiya tare da horo. A 2014 masu bincike a Jami'ar Vanderbilt sun buga sakamakon wani shiri na mako shida da iyaye mata 243 suka shiga, yawancinsu masu 'ya'ya masu galahanga. Waɗanda suka jagoranci zaman iyaye mata ne irinsu da aka horar, kuma damuwa da fargaba sun ragu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma ana iya kafa irin wannan zama a makarantar Islamiyya ko coci ko rukunin WhatsApp. Hutu ma magani ne: 'yar'uwar da ta karɓi yaro na yini ɗaya a mako ta yi wa uwa abin da kalmar "sai haƙuri" ba za ta yi ba. Idan baƙin ciki ya haura mako biyu, barci da cin abinci suka lalace, ko tunanin cutar da kai ya shigo, lokacin ganin likita ya yi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai kuma sassan kula da ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano.

Babban gurbin da ya rage na maza ne. Uba ko kawu ko baffa ko yaya shi ya dace ya koya wa saurayi tsarki da aski, ya riƙa tafiya da shi masallaci ko coci, ya nemo masa sana'ar da ta dace da halinsa, tunda da yawansu suna jure aikin da ke da tsari da maimaici. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda aka sanya wa hannu a Najeriya a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi da kula da lafiya, amma mafi yawan aikin a cikin gida yake. Duk gidan da ke da irin wannan saurayi ya kamata ya zauna ya raba aikin rainonsa tun uwa na da sauran ƙarfi, ya kuma tsayar da wanda zai riƙe shi bayan iyaye.