Yadda Za A Kauce Wa Faɗowa Daga Tsani A Gida Da Wurin Aiki

Sauya ƙwan lantarki, ɗaura fankar silin ko sauko da kaya daga saman kanta ayyuka ne na 'yan mintoci, shi ya sa mutane da dama ke hawa tsani ba tare da sun duba lafiyarsa ba. Sai dai faɗowa daga tsayin da bai kai mita biyu ba na iya karya ƙugu ko ta raunata ƙashin baya da kai, musamman a kan daɓen siminti ko tayil.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, sun nuna cewa kimanin mutum 684,000 ne ke rasa rayukansu duk shekara sakamakon faɗuwa iri daban-daban, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na mace-macen na aukuwa ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki.

Zaɓen tsani

Tsani mai ƙafa huɗu, wanda ake buɗewa ya tsaya da kansa, shi ya fi dacewa da ayyukan cikin ɗaki. Abin da za a fara dubawa shi ne tsayinsa, domin gajeren tsani ne ke tilasta wa mutum taka matakin ƙarshe. Sai kuma nauyin da zai iya ɗauka. Tsanin da ya cika ƙa'idar Turai ta EN 131 na ɗaukar kilo 150, kuma lissafin ya haɗa da mai hawan da kayan aikinsa.

Tsanin alminiyum ba shi da nauyi, amma wutar lantarki na bi ta cikinsa, don haka bai dace da aikin wayoyin wuta ba. Masu wannan sana'a sun fi amfani da na zaren gilashi. Na katako ma wuta na iya binsa idan ya jiƙe.

Kafin hawa da lokacin aiki

Ana kafa tsani ne a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ƙafafunsa huɗu duk suna taɓa ƙasa. Ɗora shi a kan bulo, benci ko ganga don ƙarin tsayi ganganci ne. Wajibi ne a buɗe shi gaba ɗaya har ƙarfen da ke riƙe ɓangarorinsa biyu ya kulle, kuma ba a jingina shi da bango yana naɗe, domin ƙafafunsa na iya zamewa. Idan aikin a bayan ƙofa yake, a kulle ta tukuna.

Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, na ba da shawarar kada a shafe fiye da minti 30 ana aiki a kan tsani, kuma a guji matakai uku na sama matuƙar babu abin riƙewa. Wajen hawa da sauka, mutum ya fuskanci tsanin, gaɓoɓinsa uku na manne da shi a kowane lokaci: ƙafa biyu da hannu ɗaya, ko hannu biyu da ƙafa ɗaya. Idan cibiyarsa ta fita daga tsakanin sandunan gefe, to ya yi miƙa fiye da kima, sai ya sauko ya matsar da tsanin. Haka kuma huda bango ta gefe na tura tsani ya kife, shi ya sa ake juya matakansa su fuskanci wurin aikin.

Silifas, takalmi mai santsi da doguwar riga duk suna jawo tuntuɓe. Mai fama da jiri ko wanda ya sha maganin da ke sa barci bai kamata ya hau ba.

Adanawa da kulawa

Kafin kowane aiki a duba robar ƙafafu, ƙusoshi da matakai, a goge mai ko laka. Tsanin da ya lanƙwashe ko ya tsage a daina aiki da shi, domin ɗaurin waya ko igiya ba ya mayar masa da ƙarfinsa. Ba a shafa wa na katako fenti, saboda yana ɓoye tsaga da cin gara. A ajiye tsani a inuwa, nesa da ruwan sama da inda yara ke wasa.

Idan tsautsayi ya auku, kada a yi gaggawar ɗaga wanda ya faɗo matuƙar ana zargin rauni a wuya ko baya. Idan da wutar lantarki a lamarin, a kashe ta kafin a taɓa shi, sannan a kira lambar gaggawa ta 112. Ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki kuma yana da haƙƙin diyya a ƙarƙashin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa.