Fuskar Manhaja da Matsalar Harshe a Rumbunan Binciken Haƙƙin Ƙirƙira

A wannan ɗan taƙaitaccen bayani zan yi tsokaci ne a kan wani fage da ake ɗauka na lauyoyi ne da injiniyoyi, alhali kuwa rabinsa aikin masu nazarin harshe ne. Fagen shi ne yadda ake tsara fuskar manhajojin da ake binciken takardun haƙƙin ƙirƙira da su. Fuskar manhaja ita ce abin da mutum ke gani a allon kwamfuta: akwatin rubutu, da maɓallai, da jerin sakamako.

Takardar haƙƙin ƙirƙira shaida ce da hukuma ke bai wa wanda ya ƙago wani sabon abu, domin kada wani ya ƙera ko ya sayar da shi ba da izininsa ba, galibi har tsawon shekara 20. Sharaɗin shi ne abin ya kasance sabo. To, a nan gizo ke saƙar. A ƙarƙashin dokar Nijeriya ta 1970, magatakarda yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko an riga mai nema. Ke nan mutum zai iya kashe kuɗinsa ya karɓi shaida, daga baya kotu ta soke ta. Saboda haka nauyin bincike yana wuyansa.

Manyan rumbunan da ake shiga kyauta su ne Espacenet na Ofishin Haƙƙin Ƙirƙira na Turai, wanda aka buɗe a 1998, da Google Patents na 2006, da PATENTSCOPE na hukumar WIPO da ke Janiba. Espacenet kaɗai yana ɗauke da takardu fiye da miliyan 100.

Google ya zaɓi akwati guda: rubuta abin da kake so, ka danna. Akwai sauƙi, amma a ganina sauƙin nan yana ruɗar baƙo, domin yakan ɗauka in kalmarsa ba ta fito da komai ba, to babu komai. Alhali masu rubuta waɗannan takardu da gangan suke gudun kalmar yau da kullum. Maimakon su ce ƙusa, sai su ce "abin haɗawa", don da'awarsu ta game ƙusa da noti da duk danginsu. Ɗalibin ilimin ma'ana ya san wannan: kalma ce mai faɗi ta haɗiye 'ya'yanta.

Alal misali, mu ɗauki tukunya cikin tukunya, wato dabarar sanyaya kayan lambu da Malam Mohammed Bah Abba na jihar Jigawa ya yaɗa, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Wanda ke son ganin abin da aka taɓa yi a wannan fanni, wace kalma zai rubuta? Tukunya? Randa? Firiji? Kowace za ta bar wasu takardu a baya. Maganin da aka samo shi ne a kauce wa kalma baki ɗaya. Yarjejeniyar Strasbourg ta 1971 ta kafa tsarin rarraba ƙirƙire-ƙirƙire gida takwas, daga A zuwa H. Gidan A na buƙatun ɗan Adam ne, H na lantarki. Na'urorin sanyaya abu suna ƙarƙashin F25D, masu yin haka ta hanyar ƙafewar ruwa kuma suna F25D 7/00. Wannan lamba ɗaya ce ko da Jamusanci aka rubuta takardar ko da Sinanci. Shi ya sa nake ganin fuska mai kyau ita ce wadda ke jan mai bincike daga kalmarsa zuwa lambar, ta nuna masa reshen da yake kai da na kusa da shi, kamar yadda shafin rabe-rabe na Espacenet ke yi.

Haka nan shafin farko na kowace takarda yana da lambobi a baka biyu: (54) take, (57) tsakure, (71) mai nema, (72) maƙirƙiri. Ko ba ka jin Japananci, ka san inda sunan mai abu yake.

Bugu da ƙari, ƙirƙira guda takan samu rajista a ƙasashe da dama. Espacenet yana tattara su a matsayin iyali ɗaya, ya nuna wakili guda, don kada mutum ya karanta abu ɗaya sau goma.

Sai batun fassara. Tun 2012 Ofishin Turai ya haɗa hannu da Google wajen fassarar inji, kuma ana iya buɗe fuskar PATENTSCOPE da harsuna goma, ciki har da Larabci. Babu Hausa a cikinsu, babu Swahili. Maƙerin da ke Panteka a Kaduna sai ya samu mai jin Turanci ya zauna kusa da shi, kuma shi ma tafintan sai ya nemo kalmar Hausa da zai bambanta "da'awa" da "bayani" da "tsakure" kafin su fara.