Yadda Ɗalibi Zai Haɗa Na'urar Gadin Tankin Ruwa

A birnin Katsina, gidaje da dama sun dogara ne ga rijiyar burtsatse da tankin da ake ɗorawa a bisa, baya ga ruwan famfo da ke zuwa daga madatsar Ajiwa. Sau da yawa wuta kan zo cikin dare, a kunna injin jawo ruwa, barci ya kwashe maigida, tanki ya cika ya yi ta zuba har asuba. Ɗalibin sakandare na iya magance wannan asara da na'urar da zai haɗa da hannunsa.

Tsarin na'urar ya yi kama da na jikin ɗan Adam, wato akwai gaɓar da ke ji, da ƙwaƙwalwar da ke yanke shawara, da tsokar da ke aiwatarwa. Gaɓar ji ita ce ma'aunin nisa, irin su HC-SR04, wanda ake kafawa a murfin tanki. Aikinsa irin na jemage ne. Yakan aika sautin da ke kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, wanda kunnen mutum ba ya ji, sannan ya saurari amsa-kuwwa daga saman ruwa. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan ya je ya dawo cikin daƙiƙa 0.004, sai a ninka 343 da 0.004, a raba biyu, a sami santimita 69 tsakanin murfi da ruwa. A zafin watan Afrilu, gudun sautin kan kai mita 355, don haka ake barin 'yar tazara a lissafi.

Ƙwaƙwalwar kuwa ita ce ESP32, ƙaramar kwamfutar da kamfanin Espressif na ƙasar Sin ya fitar a 2016. Ana buƙatar guda biyu: ɗaya a kan tanki, da batir da ɗan faifan sola, ɗaya kuma kusa da inji. Sukan yi magana ta igiyar rediyo, bisa tsarin ESP-NOW, ba tare da intanet ko jan waya ba. Ana rubuta musu umarni da manhajar Arduino, wadda kyauta ce.

Tsokar ita ce makunni mai aiki da maganaɗisu. Da zarar saƙon cikar tanki ya iso, sai ya katse wutar inji. Ya kamata kuma a umarce shi ya kashe injin idan saƙo ya daina zuwa.

Sai dai a kula: ESP32 na aiki da bolt 3.3, amma wutar gida bolt 230 ce, tana kuma kisa. Saboda haka, ɗalibi ya yi gwajinsa da bokiti da ƙaramin ƙwan fitila a gaban malami, haɗawa da inji kuwa a bar wa ƙwararren mai gyaran wuta.