Yadda Amurka ke biyan masu gonaki domin su bar wa namun daji muhalli

Kimanin kashi 60 cikin 100 na ƙasar Amurka mallakar ɗaiɗaikun mutane ne da kamfanoni, a jihar Teksas ma adadin ya haura kashi 90. Saboda haka gandayen dajin gwamnati, duk da girmansu, ba sa isar namun daji. Tsuntsaye da dabbobi da dama suna kiwo da hayayyafa ne a gonaki da makiyayun da ke hannun jama'a, kuma makomarsu ta rataya ga abin da mai ƙasa ya zaɓi yi da ƙasarsa.

Inda doka ta gaza

A watan Disamban 1973 Shugaba Richard Nixon ya sanya hannu kan dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa. Dokar ta haramta kashe su ko cutar da su, kuma haramcin ya shafi lalata muhallinsu ko da a filin mutum ne. Sai dai hakan ya haifar da abin da ba a zata ba. Duk wanda aka samu irin wannan halitta a filinsa yana iya rasa damar sarewa ko ginawa, don haka wasu suka gwammace su kawar da muhallin tun kafin dabbar ta iso.

An ga misalin haka a jihar Karolina ta Arewa, inda wani nau'in tsuntsun maƙwaƙƙwafi ke sassaƙa sheƙarsa a jikin tsofaffin bishiyoyi masu rai. Binciken da masana tattalin arziki Dean Lueck da Jeffrey Michael suka wallafa a 2003 ya nuna cewa masu dazuzzukan da ke kusa da mazaunin tsuntsun sun riƙa sare bishiyoyinsu da wuri, kafin su tsufa su janyo shi.

A 1995 hukumar kula da kifaye da namun daji ta ƙasar ta ɓullo da wata yarjejeniya a wannan jiha: wanda ya gyara dajinsa har tsuntsun ya ƙaru, ba za a ɗora masa sabon takunkumi saboda ƙaruwar ba. A 2024 an sauke tsuntsun daga rukunin masu fuskantar ƙarewa zuwa rukuni mai sauƙin haɗari.

Hayar gona domin a bar ta

Ɗaya daga cikin manyan shirye-shiryen biyan kuɗi shi ne na hutar da gonaki, wanda aka fi sani da CRP. An kafa shi ne a dokar noma ta 1985, zamanin Shugaba Ronald Reagan, kuma Ma'aikatar Noma ce ke gudanar da shi. Manufarsa ta farko ita ce rage zaizayar ƙasa da rage rarar hatsin da ta karya farashi, daga baya kare namun daji ya shiga sahun gaba.

Manomi kan ƙulla yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15, ya daina nome wani yanki na gonarsa, ya shuka ciyawa ko bishiyoyi. Gwamnati na biyansa kuɗin haya duk shekara, ta kuma ɗauki har rabin kuɗin shukar. A babban zagayen rajista, manoma kan gabatar da tayi, hukuma ta auna kowanne bisa amfaninsa ga ƙasa da ruwa da namun daji, da kuma tsadarsa. Shirin na lashe kusan dala biliyan 2 a shekara.

A 2007 filayen da ke cikinsa sun kai eka miliyan 36.8, wato kusan ninki biyu na faɗin Jihar Neja. Agwagin ruwa da ke sheƙa a ciyayin jihohin Dakota ta Arewa da ta Kudu na cikin waɗanda suka fi cin moriyarsa.

Wasu hanyoyin tallafi

Akwai kuma tsarin da gwamnati ke sayen haƙƙin noma ko gini a kan dausayi, na shekara 30 ko na har abada, alhali filin na nan a hannun mai shi. Da irin wannan aka sake dasa dazuzzukan fadamar kogin Misisifi, lamarin da ya taimaka aka cire baƙar dabbar beyar ta Luwiziyana daga jerin masu fuskantar barazana a 2016, bayan an sanya ta a 1992.

A yammacin ƙasar kuwa, an fara wani shiri a 2010 na tallafa wa masu garken shanu su gyara tsarin kiwo, su sare bishiyoyin da ke mamaye makiyaya, domin ceto wani babban tsuntsu dangin fakara da ke rayuwa a jihohi 11. A Satumban 2015 gwamnati ta yanke cewa babu buƙatar sanya shi a jerin, ta kuma ambaci aikin masu filaye a cikin dalilanta.

Raunin tsarin

Babban raunin hayar shi ne tana da wa'adi. Da farashin masara ya tashi bayan 2007, musamman saboda buƙatar man ethanol, noma ya fi haya riba. Manoma da yawa ba su sabunta yarjejeniyarsu ba, suka sake sa garma a filayen. Majalisar dokoki ma ta rage iyakar shirin zuwa eka miliyan 24 a dokar 2014, kuma zuwa 2020 abin da ya rage bai kai eka miliyan 23 ba. Ciyawar da aka shekara goma ana reno, a damina ɗaya ake iya juye ta.

Akwai kuma ƙorafin cewa hayar gwamnati na hana matasan manoma samun filin haya, tana kuma rage cinikin taki da iri a ƙananan garuruwa. Shi ya sa doka ta taƙaita abin da za a iya hutarwa a kowace gunduma zuwa kashi 25 cikin 100 na gonakinta. Dokar 2018 ta ɗaga iyakar shirin zuwa eka miliyan 27, amma ta rage kuɗin hayar zuwa ƙasa da abin da ake biya a kasuwar yankin.

Wannan mataki ya fito da tsaka-mai-wuyar da masu tsara shirin ke ciki. Idan hayar ta yi tsoka, tana gogayya da masu neman gona. Idan ta yi ƙaranci, mai ƙasa ya koma noma. Duk lokacin da majalisa ta zauna kan sabuwar dokar noma, wannan lissafi ne ke yanke yawan filin da zai saura ga namun daji.