Bayan An Kaɗa Ƙuri'a: Karaye da Rogo da Wakilansu

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Shirinmu na yau ya yada zango a Karaye da Rogo, ƙananan hukumomi biyu da ke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya, cikin kujeru 24 na Jihar Kano. Haruna Isa Dederi ya riƙe ta daga 2019 zuwa 2023, sannan Abdullahi Sani Rogo ya karɓa a zaɓen 2023. Kowace ƙaramar hukuma kuma tana da ɗan majalisarta na jiha, ga sanatan Kano ta Kudu, ga kansiloli a mazaɓu. Wakilai dai ga su nan birjik. To, wace hanya manomin rani na bakin dam ɗin Challawa, ko mai sana'a a Zarewa, zai bi maganarsa ta kai inda ake yanke hukunci?

(KIƊA KAƊAN)

Da yawanmu hanya ɗaya muka sani: a yi sammako a ƙofar gidan Honarabul, wannan da takardar asibiti, wancan da katin suna. A sallami kowa da ɗan abin da ya samu, hanyar garin kuwa tana nan yadda damina ta bar ta. Wanda ya je shi kaɗai, maula ake ɗauka ya zo. Amma idan ƙungiyar ci gaban gari ta zauna da dattawa da mata da matasa, aka tsayar da buƙata ɗaya ko biyu, aka rubuta, aka sa hannu, aka kai ofishin mazaɓa, aka karɓi shaidar an miƙa, wannan takarda ba ta da sauƙin mantawa, domin ƙuri'u ne a bayanta.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ayyukan mazaɓu a cikin kasafin kuɗi ake sa su, kuma galibi a ƙarshen shekara ake kai kasafin gaban majalisa. Duk garin da ya kai kokensa bayan an sa hannu, sai ya jira wata shekarar.

Idan aikin ya shiga kasafi, saura bibiya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya tambayi nawa aka ware, wane ɗan kwangila aka ba, kuma doka ta ce a amsa cikin kwana 7. Shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT yana wallafa jerin irin waɗannan ayyuka, hukumar ICPC kuma tun 2019 take bin sawunsu. In an rubuta rijiyar burtsatse a Turawa ko Fulatan, mutanen garin su ne za su fara sanin ko an haƙa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga kuma gidajen rediyo, inda ƙorafi mai hujja yake isa kunnen ɗan siyasa kafin la'asar.

(KIƊA KAƊAN)

Sai kiranye, wanda ake yawan ambata idan rai ya ɓaci. Sashe na 69 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanade shi, amma sharaɗinsa da nauyi: sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu, hukumar INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An gwada a kan Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma, amma a tantancewar 2018 sa hannun kashi biyar da ɗoriya cikin ɗari na masu rajista kawai aka tabbatar, magana ta mutu.

Saboda haka makamin da ya fi kusa da hannu shi ne littafin ajiya. A rubuta alƙawarin da aka yi a dandalin kamfen, da rana da wuri. Ranar da aka dawo neman ƙuri'a da atamfa da taliya, sai sakataren ƙungiya ya buɗe littafin a gaban jama'a, ya karanta layi-layi, a ji wanne aka cika.

A nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)